Yadda Ake Sauya wa Zomo Abinci

Jama'a, kiwon zomo ya shiga gidaje da yawa, birni da ƙauye. Wani yana ajiye shi don yara su sami abin sha'awa, wata don ta sayar ta rufa wa kanta asiri. Amma kukan masu kiwon kusan iri ɗaya ne: an kwanta zomo lafiyarsa ƙalau, an wayi gari cikinsa ya kumbura, gindinsa ya ɓaci da zawo, kafin la'asar ya mutu. Sai a ce annoba ce, ko a ce bakin mutane. Sau da yawa ba ko ɗaya. Abinci aka sauya masa farat ɗaya.

Sai mu fara da sanin yadda Allah ya halicci cikin wannan dabba. Zomo ba ya tuƙa kamar akuya, kuma ba ya iya amai. Duk abin da ya haɗiye, hanya ɗaya gare shi. Can wajen ƙarshen hanjinsa akwai wata babbar jaka, cike da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar masa da ciyawa. Halittun nan suna sabawa da irin abincin da ake turo musu kullum. In aka kawo baƙo da yawa rana ɗaya, masu amfani su ragu, masu cutarwa su yi rinjaye, iska ta cika ciki, zawo ya biyo baya. Daga wannan jaka kuma wani kashi mai laushi yake fitowa, a dunƙule, wanda zomo ke cinyewa da dare ko da asuba. Wanda ya gani kada ya ɗauka ƙazanta ce ya hana shi. Abinci ne, lafiyarsa tana ciki.

Lokaci biyu aka fi yin wannan ɓarna. Na farko ranar da aka sayo shi. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai shi, "Malam, me kake ba shi?" Ka sayi ɗan abin da zai kai shi mako guda a kan abincin da ya saba, don sabon wuri kaɗai ma ya isa ya dagula masa ciki.

Na biyu, kuma shi ya fi muni, saukar damina. Zomo ya yi wata da watanni yana cin harawa da dusa. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi kore, yaro ya ɗauki lauje da sassafe ya yanko ciyawa jiƙe da raɓa, ya danna a buhu, ya zo ya juye masa gaba ɗaya. Zomo kuwa ba ya cewa ya ƙoshi in ya ga ɗanye. Sa hannunka cikin buhun nan bayan ya ɗan jima a rana, za ka ji ɗumi, ganyen ya fara gumi yana wari. Irin wannan shi ke kashewa. Abin yi shi ne a wanke in da ƙasa, a baza a inuwa a kan tabarma ko faranti, ruwan ya tsane, ganyen ya ɗan yi yaushi, sa'an nan a ba shi.

To, yaya ake sauyin? A ɗauki kwana 10 zuwa 14. Kwanakin farko a sa ɗan sabon abincin, bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk wanda ya saba. In ciki ya karɓa a kai rabi, a bi da haka har a gama. Kuma ganye iri ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, domin in an haɗa uku aka ga matsala, wa za a kama? Alƙalin wannan aiki shi ne kashinsa. Kowace safiya ka leƙa ƙarƙashin keji. In ka ga ƙwayoyi busassu, zagayayyu, masu yawa, ci gaba. In sun yi ruwa, ko sun ƙanƙance, ko sun ragu, janye sabon nan ka koma harawa da ruwa. 'Ya'yan da aka yaye kwanan nan su suka fi rauni, sai a ninka musu haƙuri har su kai wata 3.

Kada kuma a ce tunda ganye ya samu an sallami busasshen abinci. Harawar gyaɗa, harawar wake da busasshiyar ciyawa irin su kyasuwa da harkiya su ne tuwon zomo, ɗanyen ganye miya ce. Haƙoransa ba sa daina tsiro, na gaba sukan ƙaru da wajen milimita 2 kowane mako, kuma tauna abu mai kaushi ce ke goge su. Sai dai a duba harawa, wadda ta yi fumfuna a zubar.

Ganyayen da suka dace ba sai an je nesa ba: ganyen dankalin Hausa, zogale, ganyen wake, ganyen gyaɗa, ganyen karas. Alayyafo da kabeji a ba da kaɗan, kabeji yana kumbura wa wasu ciki. Shi kansa karas, da ake ta zana zomo riƙe da shi a littattafan yara, zaƙi ya yi masa yawa, ɗan yanki ya isa. Dusa ma cikin tafin hannu, a yayyafa mata ruwa don ƙura. Ragowar tuwo, burodi da tarin masara ba nasa ba ne.

Waɗanda ba a kusantar da su ko kaɗan: tumfafiya, zaƙami, zurma, bini-da-zugu, tinya, albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa da ɗanyen ganyen rogo. Haka gyauron dawa, wanda makiyaya sun daɗe da sanin yana kayar da saniya, balle zomo. A guji ciyawar gefen titi da ta gonar da aka yi wa feshi. Ganyen da ba ka san shi ba, bar shi.

Akwai wata magana da ke yawo, wai zomo ba ya shan ruwa. Ba gaskiya ba ce. A ajiye masa ruwa mai tsabta dare da rana, cikin kasko mai nauyi da ba zai kifar ba, musamman da bazara, domin zafi yana wahalar da shi ƙwarai.

In ka ga ya takure a lungu, yana cizon haƙora, ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, kada ka jira gobe. Kada kuma ka buɗe kafson da ya rage a ɗaki ka ɗura masa, domin magunguna dangin fenisilin in aka ba zomo ta baki suna kashe halittun nan na cikinsa, su tafi da shi. Kai shi asibitin dabbobi mafi kusa, ka tafi da samfurin ganyen da ya ci, ka gaya wa likita ranar da aka fara ba shi.