Sauya Tsarin Sauti Mai Kewaye da Tsare Maganar Hausa a Finafinan Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake sauya sauti mai kewaye na 5.1 daga wani tsari zuwa wani, da illar kuskure a jerin layukansa ga maganar Hausa. Ta nuna cewa layin tsakiya, wanda ke ɗauke da furucin 'yan wasa, shi ya fi cancantar kulawar mai tace fim da manazarcin harshe.

1.0 Gabatarwa

Tun fitowar Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun daɗe a kan kaset da faifan VCD, inda sautinsu bai wuce layi ɗaya ko biyu ba. Buɗe sinima ta zamani a Ado Bayero Mall da ke Titin Gidan Zoo, da komawar kasuwa intanet, sun sa masu tace fim na yankin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni fuskantar sabuwar buƙata. Fim ɗaya zai iya buƙatar kwafin sinima mai layi shida, da kwafin talabijin da na waya mai layi biyu. A wajen wannan sauyin ne magana kan salwanta.

2.0 Ma'anar 5.1

Tsarin 5.1 ya ƙunshi layuka shida: hagu, dama, tsakiya, bayan hagu, bayan dama, sai layin rugugi. Ƙa'idar BS.775 ta Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ta fara fita a 1992, ta ajiye lasifikokin hagu da dama a kusurwar digiri 30, na baya kuma a wajen digiri 110. Layin rugugi yana ɗaukar sauti mai kauri kawai, wanda bai haura karkarwa 120 a daƙiƙa ba. Bisa al'adar haɗa sauti, magana a tsakiya take zama.

3.0 Saɓanin Jerin Layuka

Tsare-tsaren adana sauti ba su yi ittifaƙi a kan jeri ɗaya ba. Fayil na WAV da kwafin sinima na DCP suna jerawa kamar haka: hagu, dama, tsakiya, rugugi, bayan hagu, bayan dama. Dolby Digital yana sa tsakiya a matsayi na biyu, rugugi a ƙarshe. AAC kuwa da tsakiya yake farawa. Manhajoji kan gyara jerin da kansu idan fayil yana ɗauke da alamar kowane layi. Matsala takan taso idan aka rarraba layukan ɗaya-ɗaya, ko alamar ta ɓace.

Kurakurai uku ne suka fi muni. Na farko, karanta jerin Dolby a matsayin na WAV: magana za ta koma lasifikar dama, rugugi ya faɗa bayan dama. Na biyu, ɗibar layuka biyu na farko na WAV a matsayin sitiriyo: kiɗa zai fito, magana ta ɓace. Na uku, musanya layi na uku da na huɗu, wato tura magana ga lasifikar rugugi.

Kuskure na uku ya fi shafar ilimin furuci. Alamomin da kunne ke bambanta wasula da baƙaƙe da su suna sama da karkarwa 120 nesa ba kusa ba. Idan aka yanke su, mai sauraro ba zai rarrabe kafa da ƙafa ba, ko bari da ɓari. Abin da zai rage gunguni ne kawai.

4.0 Matakan Sauyi

Da farko, a binciki jerin layukan fayil na asali da manhaja irin su ffprobe. Sannan a buɗe shi a Audacity, a saurari kowane layi shi kaɗai, a tabbatar da inda magana take. Bayan haka, a rubuta taswirar sauyi a fili, layi da layi, kada a bar wa manhaja ta yi hasashe.

Wajen mayar da layi shida zuwa biyu, ƙa'idar ITU ta tanadi a raba tsakiya ga hagu da dama bayan an ninka ƙarfinsa da 0.707, wato ragin desibel 3. Kowane layin baya ana ƙara shi a ɓangarensa da wannan ma'auni, rugugi kuma a bar shi. Daga ƙarshe, a gwada sakamakon a lasifikar waya, domin da ita ɗimbin masu kallo suke sauraro.

5.0 Kammalawa

Manazarcin da ke rubuta tattaunawar fim domin nazarin karin harshe, karin magana ko habaici ya dogara ne ga kwafin da ya samu. Idan kwafin ya fito daga sauyi mai kuskure, rubutun zai gaji kuskuren. Don haka maƙalar tana ba sassan nazarin Hausa da ɗakunan karatu shawarar adana fayil na asali mai layi shida a tsarin da ba ya rage inganci, kamar WAV ko FLAC, tare da takardar da ta bayyana jerin layukansa. Layin tsakiya da aka ware shi kaɗai ya fi dacewa da aikin rubuta furuci, tunda kiɗan da ke hagu da dama ba zai danne muryar ɗan wasa ba.