Abincin gida ba tare da alkama ba: tattalin kuɗi da lokaci

An kafa garin Arlit a 1969 saboda haƙar yuraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfe a 1971. Kamfanin COMINAK na Akokan ya fara a 1978, ya rufe a watan Maris na 2021. Tun daga nan magidanta da yawa suka rasa albashi, kuɗin cefane ya ragu.

Ba a noman damina a Arlit. Hatsi da dawa da wake daga kudu suke zuwa, daga Tawa da Maradi da Damagaram. Makaroni da kuskus da fulawa suna shigowa daga Aljeriya ta Asamaka. Suna da saurin dahuwa, shi ya sa suka shiga kowane gida. Amma dukansu alkama ce, kuma akwai cikin da ba ya ɗaukar alkama.

Mene ne danƙon alkama?

In an kwaɓa garin alkama, yana yin danƙo, yana miƙewa. Likitoci suna kiran wannan danƙo gulutan. Akwai shi cikin alkama da sha'ir. Babu shi cikin hatsi, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, gyaɗa, rogo da dankali.

Ga yawancin mutane danƙon ba ya yin komai, suna iya ci gaba da cin burodinsu. Amma kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, danƙon yana ɓata masa hanji. Sunan cutar siliyak. A 1950 wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, ya nuna cewa alkama ce ke tayar da ita. A 1999 an ba da sakamakon gwajin yaran Saharawi na sansanin Tinduf, cikin Aljeriya, inda garin alkama ne babban abinci. An sami cutar ga fiye da yara 5 cikin 100. Ke nan cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Alamomi

Sau da yawa ana ganin su bayan yaro ya fara cin burodi ko makaroni. Zawo ya ƙi tsayawa. Ciki ya kumbura. Yaro yana ci amma yana ramewa, ba ya girma kamar tsararsa, jininsa ya yi ƙasa.

Tsutsar ciki da ruwa maras tsabta da tamowa su ma suna kawo haka. Saboda haka sai a kai yaro gidan likita. Kada a hana shi alkama kafin a yi gwaji, don gwajin ba zai nuna gaskiya ba. In likita ya tabbatar, maganin ɗaya ne: barin alkama har tsawon rai. Ba a ɗaukar cutar daga wani, amma tana bin jini, don haka a lura da 'yan'uwan yaron.

Tukunya ɗaya ga kowa

Uwargida da ke dafa makaroni ga gida, ta sake ɗora wata tukunya ga maras lafiya, ta ƙone itace biyu, ta yi wahala biyu. Yaron kuma zai ga na 'yan'uwansa ya sa hannu. Abin da ya fi sauƙi, gida duka ya ci abu guda.

Da safe: kunu ko koko da ƙosai, ko ɗumame.
Da rana: shinkafa da wake, ko dambun masara da zogale, ko fura da nono.
Da dare: tuwon hatsi ko na dawa da miyar kuka ko kuɓewa.

Mai tafiya wurin aiki ko daji yana iya ɗaukar garin hatsi da dabino da cuku, kamar yadda mutanen Abzin suka saba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Inda alkama take ɓuya

1. Injin niƙa. In an niƙa alkama, sauran garinta yana maƙale ciki. A nemi injin da ba ya niƙa alkama, ko a daka na yaron a turmi.
2. Man suya. Kada a soya masa ƙosai cikin man da aka soya fanke.
3. Ɗanwake da masa na sayarwa. Wasu suna ƙara musu fulawa. A yi su a gida da garin wake da na rogo da shinkafa.
4. Dunƙulen miya da biskit. Wasu suna da garin alkama. Wanda ya koyi karatu ya duba takardar. In ya ga "blé" ko "gluten", a bar shi. Daddawa ta isa miya.
5. Rariya da muciya da kwano. A wanke su sosai in sun taɓa fulawa.

Tattalin kuɗi

Hatsi ya fi arha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Ya fi tsada da bazara da damina. Mai sayen tiya-tiya kullum yana biyan ribar ɗan kiri kullum. Gidaje huɗu ko biyar suna iya yin adashe, su sayi buhu da kaka, su raba. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba cikin jarka mai tsabta, a cika ta, a toshe baki. In iska ba ta shiga, ƙwari suna mutuwa. Wake da gyaɗa suna gina jiki, suna rage kuɗin nama.

Tattalin lokaci da itace

A yi surfe da niƙa sau ɗaya don kwana uku ko huɗu. A shanya garin da kyau, don garin hatsi in ya daɗe yana yin ɗaci. A jiƙa wake tun dare, da safe zai dahu da wuri. A daka kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji na wata guda, a rufe cikin gwangwani. A rufe tukunya, a kare murhu daga iska. A tuƙa tuwon dare da ɗan yawa don ɗumamen safe. Amma zafin Arlit yana ɓata abinci da sauri: a ɗumama shi har ya yi tururi, in ya canza wari a zubar.

Yaron da aka raba da alkama, cikin 'yan makonni zawo yakan tsaya, cikin watanni jiki ya dawo. Kuɗin da ake kashewa wajen maganin zawo ya koma tukunya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abinci ne ke da danƙon alkama?
2. Don me ba a hana yaro alkama kafin gwaji?
3. A faɗi wurare uku da alkama take ɓuya.

Lissafi

Buhun hatsi yana da tiya 40. In gida yana cin tiya 1 da rabi a rana, tiya nawa zai ci cikin kwana 20? Tiya nawa za ta rage cikin buhu?