Maijego, Ki Buɗe Baki Ki Faɗa

'Yata, an yi suna, baƙi sun watse, an bar ki da jariri da tukunyar ruwan wanka. Ga arba'in ta matso, amma kin ce ranki bai dawo ba. Ko yaron ya yi barci idonki biyu, kunun kanwa ya ƙi wucewa, hawaye kuma sai su zubo babu wanda ya taɓa ki. Abin da ya fi cin ranki, kina kallon ɗan da kika ɗauka wata tara, amma daɗin da ake cewa kowace uwa tana ji, ke shiru. Matso nan ki ji.

Kukan kwanakin farko ba baƙon abu ba ne, yakan wuce da kansa kafin sati biyu. Wanda ya zarce haka ya yi zaune, shi likitoci ke kira ciwon damuwa na bayan haihuwa. Sinadaran jikin da suka hau lokacin ciki suna faɗuwa cikin 'yan kwanaki, ga zubar jini, ga rashin barci, wata kuma ga fitinar gida ko babu a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mata 20 cikin 100 ne ke shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ki duba layin rigakafi, ba ke kaɗai ba ce, kowa dai ta ja mayafi ta yi shiru.

Za a ce miki, "Ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba." Wata za ta ce iska ce, wata ta ce sammu. Ki yi ta addu'arki, amma ba ki butulce ba, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Ranar da za ki kai jaririn rigakafin sati shida, kada ki tsaya a awon yaro kawai. Ki ce wa ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti, "Ni ma ba ni da lafiya, ba na barci, raina a jagule yake." Ki nemi a duba jininki, don ƙarancinsa ma yana karya jiki da zuciya. Akwai wasu tambayoyi 10 da aka tsara a Edinburgh tun 1987 don gano wannan ciwo, minti kaɗan ake amsa su. In ciwon ya fi ƙarfin ma'aikatan, ki nemi takardar zuwa gaba: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Na san sunan da ake kiran wuraren nan da shi a gari, kuma sunan nan ya hana mata da yawa samun sauƙi. Kada ya hana ki.

Maganin farko sau da yawa zama ne da wanda ya ƙware, ki yi magana ya saurare ki, ku warware tunanin da ke ce miki ke ba uwar kirki ba ce. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, matan da ke aikin lafiya gida-gida aka koya wa wannan, kuma ya yi aiki har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi littafin koyarwa a 2015. In an haɗa miki da ƙwaya, akwai irin su sertraline da ake ba mai shayarwa. Sai ta yi makonni kafin ki ji bambanci, kuma ba a yanke ta rana ɗaya sai da sanin likita.

Maigidanki ya raka ki, ya ji da kunnensa. Yayarki ko innarki ta riƙe yaron wani yanki na dare, ki samu barci mai ɗan tsawo.

Abu ɗaya ne ba ya jiran ranar rigakafi. In tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, ko kina jin muryoyi, ko kin rikice kin kwana biyu ido bai runtsa ba, ki faɗa wa na kusa da ke nan take. Kada a bar ki ke kaɗai da yaron, a kai ki asibiti a ranar.