Ƙirga Kafin Ka Jefa Kati

Ɗana, na ji ka fara zama teburin birij, wasan kartar nan na mutum huɗu da Harold Vanderbilt ya tsara masa lissafin maki a 1925, yana cikin jirgin ruwa. Ban ga laifinsa ba muddin babu caca a ciki. A gasa ma katin da aka raba maka shi za a miƙa wa na teburin gaba, don a ga wanda ya fi iya sarrafa shi. Abin da nake so ka riƙe guda ɗaya ne: wasan nan ƙirge ne, kuma ana yin ƙirgen tun hannu bai taɓa kati ba.

Idan tayi ya ƙare a kanka, kai ne mai alkawari. Na hagunka zai jefa katin farko, abokinka ya shimfiɗa nasa goma sha uku a buɗe. To a nan ka dakata. Yawancin alkawuran da ke rushewa, a wannan minti ɗaya suke rushewa. Duba ci nawa ke hannunka tabbas, nawa suka rage, daga ina za su fito, kuma wane ne cikin abokan hamayya ba ka son wasa ya faɗa hannunsa.

Ga misali. Ka yi alkawarin ci tara ba tare da dangin yanka ba. An buɗe da sifed. Kana da as da ƙanana biyu, a shimfiɗa akwai ƙanana biyu. Sauran takwas suna wurinsu. Ba za ka cika tara ba sai ka fitar da as ɗin daimon daga hannunsu. Mai gaggawa zai ɗora as ɗinsa nan take, daga baya su kama da daimon su zubo masa sifed huɗu a jere. Kai kuwa ka bar musu ci na farko da na biyu, ka kama a na uku. In sifed ɗin biyar ne a hagu, uku a dama, na daman ya ƙare ke nan; ko ya kama da as ɗin daimon ba shi da abin mayar wa abokinsa. In kuwa huɗu-huɗu ne, duk abin da za su samu bai wuce ci huɗu ba, ka tsira. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka kuma san ƙarfin kowace hanya. Dabarar ratsa sarki ko sarauniya rabi da rabi ce. Kati biyar na dangi ɗaya da ke wurinsu sukan rabu uku da biyu kusan sau 68 cikin 100, amma shida ba sa rabuwa uku-uku sai kusan sau 36. Wanda ya san wannan ba ya jingina alkawarinsa da fata alhali ga hanya mafi ƙarfi a gabansa.

Tsaro ya fi wuya, domin ba ka ganin katin abokinka, kuma rabin zamanka a tebur tsaro za ka yi. Nan ma ƙirge ne zai fisshe ka. As maki 4 ne, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimillar na dukkan katunan 40. Cire naka, cire na shimfiɗa, cire abin da mai alkawari ya nuna wajen tayi; abin da ya saura na abokinka ne.

Idan abokinka ya buɗe da katinsa na huɗu daga sama a dangi ɗaya, cire lambarsa daga 11. A ce ya jefa 7: katunan da suka fi shi a sauran hannuwa uku guda huɗu ne. Ka ga sarki, 5 da 2 a shimfiɗa, kai kana riƙe da as, jak, 9 da 3. Huɗun sun cika, mai alkawari ba shi da abin da ya fi 7. In an jefa ƙarami daga shimfiɗa, sa 3 kawai, abokinka ya ci, ya sake ratso sarkin.

Sai batun amana. Da kati kaɗai ake magana da aboki: babba ya ce ci gaba, ƙarami ya ce canja. Tari, harara, jinkirin ganganci da yadda aka ajiye kati duk ha'inci ne, kuma a 2015 wasu manyan 'yan wasan duniya sun zubar da mutuncinsu a kan irin wannan. In abokinka ya yi kuskure, kada ka muzanta shi gaban mutane. Ku tattauna bayan an tashi, ka fara tambayarsa me ya ƙirga.

Kada wasan ya ci maka lokacin salla ko na karatu. Allah ya yi maka albarka.