Darasi Domin Malamai: Kai Yara Su Ga Kufena Da Ganuwar Zariya

Ruwa ya ɗauke, an kai amfanin gona gida, hanya kuwa ta bushe. Yanzu ne lokacin da malami ya kan fita da 'yan makarantarsa su ga wuri. A wannan wata za mu yi nazari a kan tsofaffin wurare na Zazzau waɗanda mutanen dā su ke girmamawa, da yadda za mu shiga cikinsu mu fita ba mu yi ɓarna ba.

Mu fara da Kufena. Wannan babban dutse yana yamma da birnin Zariya, garin Wusasa kuwa yana gindinsa. Tun kafin a san Zariya da girmanta mutane suna zaune a nan. Dalilin zamansu ba shi da wuyar ganewa. Dutse mafaka ne ran da yaƙi ya taso, ruwan da ya gangaro daga kansa yana jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, noma ya yi kyau. Amma akwai wani dalili kuma. Hausawan dā sun gaskata cewa manyan iskoki suna zaune bisa irin waɗannan duwatsu, kamar yadda Kanawa su ka ɗauki Dala. Saboda haka Kufena, da dutsen Madarkaci na cikin birni, ba wurin wasa ba ne a wurinsu. Masana daga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, sun bi sawun tsohuwar ganuwar Kufena, sun kuma tona wuraren narka tama kusa da Samaru waɗanda su ka wuce shekara 1,000. Yaron da ya ga tsingaro a ƙasa, ku gaya masa hannun wata mace ne ya gina wannan tukunya, ita ma tana da 'ya'ya kamarsa.

Tarihin baka ya ce sarauta ta taso daga Turunku, kudu da Zariya, a zamanin Bakwa Turunku wajen 1536, sunan 'yarta Amina kuwa shi ne har yau a ke sa wa tsofaffin ganuwoyi. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarki Makau ya fita daga birnin ya nufi kudu. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da a ke kira Suleja yanzu. Sarauta ta sake hannu, aka bar al'adu da yawa na wajen duwatsu. Shi ya sa tsoho ɗaya da ya riƙe labari ya fi littafi goma daraja a ranar tafiyarku. Ku neme shi tun da wuri, ku gaishe shi yadda ya kamata.

Sa'an nan ganuwa. Kewayenta wajen mil 10 ne, da ƙofofi irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan da Ƙofar Tukur-Tukur. A nan ne darasin kula ya fi fitowa fili, gama ganuwa ta ƙasa ce, ƙasa kuwa ba ta jimre wa damina sai da hannun mutum. Kowace shekara ruwa ya kan zaizaye ta, ya tsaga ta. In rani ya yi sai a kira gayya, a kwaɓa ƙasa, a toshe inda ya zube. Ba wanda ya gina ta sau ɗaya ya huta. Da yaƙi ya ƙare, gayya ma ta ƙare. Yau za ku ga inda aka haƙe ta domin yin tubali, da inda gida ya hau kanta, da inda ta zama juji. Ko da shi ke ganuwar da dutsen Kufena duka biyu suna cikin kayan tarihi na ƙasa waɗanda doka ta tsare, takarda ba ta yaɓe bango. Ku tsai da yara a wurin da ganuwa ta ke tsaye, sa'an nan ku kai su wurin da ta faɗi, ku bar su su faɗi bambancin da bakinsu.

Haka itatuwa. Mutanen dā ba su sa gatari ga tsohuwar tsamiya ko kuka haka kawai, domin suna tsoron mai ita. Mu ba mu jin wannan tsoro. Amma mu lura: tsoron nan ya bar mana inuwa, ya riƙe ƙasa, ya ajiye tsuntsaye. Da tsoro ya tafi, ba mu sa wani abu a gurbinsa ba, sai gatari. A ganina wannan abin kunya ne a gare mu, ba abin fahariya ba.

Na sani waɗansu iyaye za su ce, “Malam, don me za ka kai ɗana wurin tsafi?” Kada ku rena tambayar, gama daga ƙauna ta fito. Ku amsa a hankali. Gani dabam, sujada dabam. Manzo Bulus da kansa ya zaga Atina yana duban wuraren ibadarsu kafin ya buɗe baki, shi ya sa maganarsa ta sami kunne. In uba ya ƙi duk da haka, a bar yaron a gida ba tare da gori ba.

Wata shekara na fita da yara zuwa gindin Kufena. Ban ja musu kunne tun daga makaranta ba, laifina ne. Da za mu koma sai na ga aljihun wani yaro ya yi nauyi. Ashe tsingaro ya cika shi da shi. Wani dattijo mai gona a wurin ya dube shi ya ce, “Ɗana, in kowane baƙo ya ɗauki ɗaya, me jikanka zai tarar?” Yaron ya mayar, amma ba inda ya ɗebo ba, gama ya manta. Masana kuwa sun ce tsingaron da aka raba da mazauninsa ya rasa rabin labarinsa. Tun daga ran nan doka ta fari da na ke ba yara ita ce, a duba da ido, a zana a takarda, a bar abu inda ya ke. Ba rubuta suna a jikin dutse, ba kunna wuta a ciyawa.

In kun shiga birni za ku so ku ga Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wannan ba kufai ba ne, wurin ibadar maƙwabtanmu ne. A nemi izini tukuna, kada a je ran Juma'a, a tuɓe takalma, a yi shiru. In an ce iyakarku nan, to, iyakarku ke nan.

Ba a ƙasarmu kaɗai a ke koyon wannan ladabi ba. A Ostareliya akwai wani babban dutse mai suna Uluru. An mayar wa Anangu, mutanensa na asali, da shi a 1985. Shekara da shekaru suna roƙon baƙi kada su hau, sai a 2019 aka rufe hawansa. Baƙi ba su daina zuwa ba, suna zagaya gindinsa suna jin labari daga bakin masu shi.

Bayan kun dawo, ku sa kowane yaro ya tambayi kakansa ko kakarsa wane dutse ko itace ko rijiya ne a ke girmamawa a garinsu, wa ke kula da shi a dā, wa ke kula da shi yanzu. Su kawo amsa a rubuce mako mai zuwa, a karanta a gaban aji.