Kafin Tafiya Gida: Rigakafin Taifot na Haɗiya

Wanda ya zauna a Ingila ko Amurka, da zarar ya yanki tikitin zuwa gida bikin Sallah ko ɗaurin aure, hankalinsa kan tsaraba yake komawa. Ka yi masa zancen taifot, sai ya ce, "Haba, ai da ruwan can na girma." To, likitocin matafiya sun san cewa masu zuwa ganin dangi suna cikin waɗanda suka fi kamuwa, domin sukan daɗe, kuma ba sa iya ƙin abin da aka miƙo musu. Wa zai mayar wa gwaggo da kunun ayarta? Ƙwayar cutar ta ruwa da abinci take shiga, kuma taɓa yin ciwon a baya ba ya hana shi dawowa. Yaran da aka haifa a waje kuwa, jikinsu bai taɓa gamuwa da ita ba.

Rigakafin na haɗiya kafso ne, sunansa Vivotif. A Ingila guda 3 ake sha, a Amurka da Kanada guda 4. Ana shan ɗaya yau, a tsallake gobe, a sha jibi, har su ƙare, kuma a gama aƙalla mako guda kafin tashi. Ke nan a fara da saura mako biyu ko fiye.

Wajen sha ne mutane ke ɓata shi. Ƙwayoyin da ke cikinsa rayayyu ne da aka raunana, don haka firji ne mazauninsa, amma ban da ɓangaren ƙanƙara. A haɗiye shi ɗungurungum, ba tauna, da ruwan sanyi, kamar sa'a ɗaya kafin cin abinci. Shayi mai zafi yana kashe shi, haka ma maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka ku faɗa wa likita duk abin da kuke sha, har da na zazzaɓin cizon sauro. Idan shan ya faɗo cikin azumi, sai a tashi da wuri a haɗiye kafin sahur.

Mai raunin garkuwar jiki ba ya shan sa, mai juna biyu kuma ta fara tambayar likita. A Amurka sai yaro ya kai shekara 6. Ga irin waɗannan akwai allura, ana yin ta daga shekara 2. A Ingila rigakafin taifot kyauta ne ta hannun likitan unguwa. A Amurka sau da yawa aljihunka ne zai biya, a kemis ko asibitin matafiya. Na haɗiyar ana sabunta shi bayan shekara 5 a Amurka, 3 a Ingila.

Kariyarsa ba cikakkiya ba ce, tsakanin kashi 50 ne zuwa 80 cikin ɗari. Idan zazzaɓi ya kama ku bayan dawowa, ku je asibiti a ranar, ku faɗi ƙasar da kuka fito.