Gyaran Muryar Kwamfutar Ofis: Jagora ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malaman ofisoshinsu. A zamanin nan akan yi taro da Majalisar Sarki ta kwamfuta, a saurari sanarwar Gwamnati, ko shaidar da aka naɗa a kan rikicin gona. In murya ta ɗauke a irin wannan lokaci, hakimi ya rasa umurnin da aka bayar, talakawa kuwa su sha jira. Sau da yawa laifin ƙarami ne, malami yana iya gyara shi da kansa. Sai a bi waɗannan matakai bi da bi.

1. Wuta. A tabbata lasifika tana haɗe da wuta, 'yar fitilarta tana ci, an kuma murɗa maɓallin ƙarar murya.

2. Ramuka. A bayan akwatin kwamfuta akwai ƙananan ramuka uku, faɗin kowanne milimita 3.5. Tun shekarar 1999 aka daidaita launinsu: kore na lasifika ne, mai ruwan hoda na makirufo, shuɗi kuwa na shigo da murya daga wata na'ura, kamar rediyo. Wanda ya sa wayar lasifika a shuɗi ba zai ji kome ba. Sa'an nan a lura, in an bar abin sauraro na kunne a ramin gaba, yawanci na baya yakan yi shiru.

3. Alamar lasifika. A Windows tana nan ƙasa daga dama, kusa da agogo. A danna ta, a ga ko an toshe murya. Nan kuma ake zaɓen inda murya za ta fita. In an haɗa allon da wayar HDMI, kwamfuta takan tura murya can, alhali wani allon ba shi da lasifika. Sai a mai da ita.

4. Direba. Watau manhajar da ke sada Windows da na'urar murya. A kwamfutoci da yawa ta kamfanin Realtek ce. A buɗe shafin kula da na'urori. In an ga alama rawaya kusa da sunanta, sai a sake ɗora ta daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a kashe, a kunna.

5. Gunji da kuwwa. Wayar salula kusa da lasifika tana jawo gunji. Makirufo kuma in ya fuskanci lasifika sai kuwwa ta tashi. A nisanta su.

In duk wannan bai yi ba, a gwada lasifikar a wata na'ura, a san mai laifi, kafin a kira mai gyara. Kada malami ya buɗe akwati da wuta a jiki.

Wajibi ne a gwada murya tun jajibirin taro, a kuma rufe kwamfuta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, bayan an kashe ta. Rigakafi ya fi magani.